Kamfani Ya Ce Ba Zai Gyara Ba: Uwargida, Mene Ne Abin Yi?

   

Yau zancen kwamfuta za mu yi. Na san wata tana can za ta ce, "Yo ni da ko soro ba na leƙawa, ina ni ina kwamfuta?" Ki ɗan dakata, Hajiya. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kan kwamfuta. Yaran da ke karatu a kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Bichi, da na kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da ita suke rubuta aikin da malamai ke ba su. Shi ya sa yanzu a gidaje da dama na Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa za ki iske kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka a cikin jaka, rataye a ƙusa. In kika bi diddigin kuɗin da aka saye ta kuwa, sau da yawa a ɗakin uwa zai tsaya: akuya ce aka sayar, ko kwasar adashi, ko ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta shekara guda. Saboda haka ranar da ta lalace, asarar taki ce.

Wata baiwar Allah ta aiko mana da saƙo daga wajen Makoɗa. Ta ce ta saya wa 'yarta sabuwa fil a cikin kwali, wata huɗu ke nan, sai ƙaramin ƙanin yarinyar ya ture kofin koko a kan madannan. Maigida ya ɗauka har Kano, ofishin kamfanin, da rasit a hannunsa. Suka buɗe, suka duba, suka ce garanti ya faɗi, ba za su gyara ba. Tambayarta ita ce, cutar ta aka yi ko kuwa?

'Yar'uwa, zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi. A wannan karon ba cutar ki aka yi ba. Garanti alkawari ne da kamfani ya ɗauka, galibi na shekara ɗaya, cewa idan abin ya lalace saboda aibin da ya fito da shi daga masana'anta, su za su gyara kyauta. Ruwa, faɗuwa ƙasa, wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, ko wani ya riga ya kwance ta a waje, yawancin kamfanoni sun cire waɗannan daga alkawarin, kuma yana nan rubuce a cikin 'yar takardar da muke yasarwa tare da kwali. Ba kuma a iya ɓoye musu. A cikin na'urori da yawa akwai 'yan ƙananan takardu farare da aka liƙa, da ruwa ya taɓa su sai su rine su koma ja. Don haka kada a koya wa ɗan aike ƙarya, a ce ya ce haka kawai ta mutu. Kunya zai sha, ga alhakin ƙarya, ga kuɗin mota.

Amma akwai inda hakki naki ne, kuma nan ne ake cin mata da yawa saboda rashin sani. Akwai dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce idan kika sayi kaya, sai ya bayyana da aibi a cikin wata 3 da karɓarsa, kina da ikon mayar wa wanda ya sayar miki, ya gyara, ko ya canza, ko ya maido da kuɗi. Ki lura, wanda ya sayar miki na ce. Ba daidai ba ne mai shago ya ce, "Je ku kamfani, ni ba ruwana." Sharaɗin dai aibin ya zama na kayan ne, ba mu muka jawo ba, kuma ba a faɗa mana shi tun wajen ciniki muka yarda ba. Jihar Kano ma tana da hukumarta ta kare hakkin masu saye, ana kai ƙara. Sai dai ko'ina aka je, abin da za a fara tambaya shi ne rasit. Ki adana shi a ƙasan adaka, inda kike ajiye katin asibitin yara.

Wadda kuma tata ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, ita zancen kamfani ma bai taso ba. Garantinsu ya ƙare tun suna can. Abin da ke tsakaninki da mai shago shi ne kwanakin gwaji da ya ba ki da bakinsa, don haka a sa ya rubuta su a jikin rasit.

Wannan rigima ta kamfani da mai kaya fa har a ƙasashen da ake ƙera abin ana yin ta. A Faransa a watan Janairun 2021 aka fara tilasta liƙa wa kwamfuta da waya maki daga cikin 10, mai nuna sauƙin gyaranta, kafin a sayar. Jihar New York ta Amurka ta yi dokar ba mutane 'yancin gyara kayansu a ƙarshen 2022, Tarayyar Turai ta yi tata a 2024. Su can sai da aka yi doka. Mu nan Allah Ya hore mana samari masu hannu a Titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre, waɗanda ke tayar da abin da kamfani ya ce ya mutu. Ƙin kamfani ba shi ne ƙarshen kwamfutarki ba.

To amma gyaran yana farawa ne daga ɗakinki, a cikin mintunan farko, kuma a lokacin ke ce a gida, ba maigida ba. Idan ruwa ya zube mata, ki zare caja, ki danne maɓallin kunnawa har ta mutu, in batirinta mai cirewa ne ki cire. Ki buɗe ta, ki kife ta a kan tawul ko tsohon zane. Daga nan kada kowa ya kunna. Wallahi wannan "bari mu gani ko za ta kawo" ya kashe kwamfutoci fiye da ruwan kansa, domin wuta na bi ta cikin jiƙaƙƙen allon ciki sai ta ƙone shi. Kada a shanya ta a rana kamar barkono, kada a kai ta kusa da murhu. Tura ta cikin buhun shinkafa ma ba ya magani. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu wayoyinsa su daina. Koko da kunu da shayi sun fi ruwan randa illa, saboda sukari da tsami suna bushewa a ciki su ci gaba da cin ƙananan wayoyin ko bayan waje ya bushe. Irin wannan ba a jiran ranar kasuwa. A kai ta gobe ko jibi a buɗe a wanke da sinadarin da masu gyara ke amfani da shi.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Ke ba za ki je ba, aika za ki yi, ko maigida, ko ƙaninki, ko babban ɗanki. Kuma mun san halin saƙon baka: ki ce a tambayo kuɗin gyara, a dawo miki an riga an gyara, an ce ki kawo dubu kaza. Saboda haka ki sa 'yar makarantar ta rubuta a takarda abin da ya faru da ranar da ya faru. In babu mai rubutu, ki ɗauki muryarki a waya ɗan aiken ya kunna wa mai gyara. A juya kwamfutar a kwafi lambar da ke ƙasanta. A ɗiga jan farce a gefen batir da jikin caja. Ba zargi ba ne, mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal, amma akwai ɓata-gari da ke musanya lafiyayyen batir da mai rauni, kuma wanda ya ga an yi alama ya san masu kayan idonsu biyu.

Ki ja kunnen ɗan aike a kan cewa dubawa daban, gyara daban. A duba tukuna, a faɗi abin da ya lalace da kuɗinsa, ya kira ki a waya ki ji da kunnenki, sannan ki ce a yi ko a bari. Duk abin da aka canza, a ba shi tsohon ya kawo gida. In za a bar ta ta kwana, ya karɓo takarda mai sunan shago da kwanan wata da lambar kwamfutar. Kun dai ji gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025, shaguna masu yawa suka ƙone da kayan mutane a ciki. Allah Ya mayar musu da alheri. Wanda ba shi da takarda, da me zai nuna cewa ya bar kaya a wurin?

Akwai kalma ɗaya da nake so ki riƙe, ita ce "fomatin". Idan mai gyara ya ce zai yi fomatin, yana nufin zai share duk abin da ke ciki ya zuba sabo. Hanya ce mai sauƙi a wurinsa, wani lokaci kuma dole ce, amma aikin yarinya na shekara uku yana iya tafiya a cikin minti goma. Kwamfuta tana da rumbunta, wani ɗan ƙarfe ne ko ɗan siririn allo a ciki inda rubuce-rubuce da hotuna suke. Kamar gida ne, ɗaki na iya rushewa da damina rumbu yana tsaye da hatsinsa. Ko kwamfutar ta ƙi tashi sam, a mafi yawansu ana iya zare rumbun a haɗa da wata a kwashe abin da ke ciki. Wasu sababbi ne ake liƙe musu shi a jikin allo, su sai ƙwararre. Don haka umarnin shi ne: a fara kwashe kayan ciki a filash, a nuna wa ɗan aike ya gani, kafin a share komai.

Sai kuma maganar sutura, wadda ita ce ta fi kuɗin gyaran tsada. Me ke cikin kwamfutar nan da wayoyinmu? Hotunan kamu da na lalle, mata zalla, ba mayafi. Hoton amarya a ɗakinta. Lambobin banki, da katin ɗan ƙasa. Matar da ta yi shekara ashirin baƙon namiji bai ga gashinta ba, sai a wayi gari hotonta yana hannun yaron shago da abokansa. Kada ki ce tsoratarwa ce. A 2022 masu bincike na Jami'ar Guelph a ƙasar Kanada sun fitar da rahoton cewa sun kai kwamfutoci shagunan gyara 16, bayan sun ɗana musu abin da ke rubuta duk inda aka taɓa. A shaguna 6 an leƙa cikin sirrin masu kayan, a 2 daga ciki har kwafa aka yi. Can ke nan fa.

Maganin abin ba wuya. Canza batir, ko fanka, ko bakin caja, ko fasasshen gilashi, yawanci ba ya buƙatar lambar sirri. In mai gyara ya nema, a tambaye shi dalili. In gwaji zai yi, ɗan aike ya buɗe masa da hannunsa, ya tsaya a kansa har ya gama. In aikin na kwana ne kuma rumbun mai zaruwa ne, a zare ya dawo da shi gida a aljihu. Shi ya sa ni a ganina wannan aike ba na almajirin gida ba ne, ba kuma na ɗan maƙwabta ba. Muharraminki za ki aika, wanda zai ji kishin abin da ke ciki, ko da sai an jira shi ya dawo daga gona. Ku kuma 'yan mata, tun kwamfutar tana lafiya ku riƙa kwashe irin waɗannan hotuna a filash, Inna ta kulle a adaka.

Game da kuɗi, kada a tsaya a shago ɗaya idan abin ya yi yawa. A tambayi biyu ko uku. Wani zai ce sai an canza allon ciki gaba ɗaya, na gaba da shi ya gano ɗan abu guda ne ya ƙone ya canza shi kaɗai. Mafi araha ba lallai shi ne mafi alheri ba. A tambaya ko kayan da za a sa sabo ne ko cirowa aka yi daga wata, kuma kwana nawa ya ba da in abin ya dawo. Ni dai idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wata irinta ta hannu, shawarata a haƙura, kada a sayar da akuya ta biyu a kan gawa.

In an haƙura ɗin ma ba a yar da ita. Masu gyara suna sayen matacciya don gilashinta da madannanta da sauran kayan jikinta, kuɗin ya zama somin-taɓin sayen wata. A dai zare rumbun tukuna, ya zauna a wurinki. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa, a daina yi masa caji nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a bola inda ake ƙona shara, kada yara su yi wasa da shi, domin yana kamawa da wuta. A ajiye shi a tsakar gida cikin inuwa, nesa da kara da danga, har a samu mai zuwa birni ya miƙa wa masu gyara.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ta aiko ta hannun yara ko ta waya kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara.