Kaza da 'Ya'yanta, da Yadda Suka Sami Sunan Girkawa

Jama'a, manomin Jere ya san tarin taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Wajen watan Mayu, sa'ad da damina ke kankama, sukan ɓace cikin hasken rana, ba a sake ganinsu sai da asuba cikin Yuni. Malaman hisabi kuwa Surayya suke ce musu, da Larabci.

To, ɗan makaranta zai tarar littafinsa ya ce Pleiades. Kada ya koma gida ya ce kakansa bai sani ba, domin wannan suna ma daga tatsuniya ya fito. Girkawan dā sun ce wai 'yan mata bakwai ne, 'ya'yan wani ƙato mai suna Atlas, wanda aka ɗora wa sama a kafaɗa. Wai maharbi Orion ne ya matsa musu da bi, sai aka mai da su taurari. Masana suka gaji sunan. A 1610 Galileo ya duba wurin da madubin hangen nesa, ya ga taurari fiye da 40 waɗanda ido ba ya gani. Yanzu an san sun haura 1,000. A 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da sunayen manyansu, kamar Alcyone da Maia.

Sunan Atlas kuwa bai tsaya a sama ba. Da shi aka raɗa wa Tekun Atlantika suna, kuma tun littafin Mercator na 1595 ake kiran littafin taswira “atlas”.