Aure Ya Mutu, Bashi Yana Nan: Jawabi Kafin a Buɗe Akwati

Kafin a fara zubi, ku ba ni aron kunnuwanku, don maganar yau tana da nauyi.

A ce aurenki ya mutu, kin gama idda, kina gidanku. Sai labari ya zo cewa jarin tsohon mijinki ya karye. Mai taki yana bin sa, dillalin hatsi yana bin sa. Ran nan sai ga su a ƙofar gida, wai a fito da akuyoyi da keken ɗinki. Ya za ki yi?

Kar ki firgita, kuma kar ki miƙa komai. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, bashin miji kuma nasa ne. Ki ce musu a haɗu gaban mai unguwa ko alƙali. Kafin ranar, ki zauna ki kasa kayan kashi uku, kamar mai kasa tumatir.

Kashi na ɗaya, naki na kanki: sadaki, kayan ɗaki, gadon da kika ci, da abin da kika saya da kuɗin sana'arki ko na rabon ƙungiya. Ko da tunkiyarki tana cikin garkensa, amana ce a hannunsa, ba ta shiga abin da za a sayar. Amma fa sai da hujja. Ki nemo rasit, ko wanda ya sayar miki, ko shaidu biyu. Littafin ƙungiyar nan ma zai taimake ki, tunda yana nuna ranar da kika karɓi kuɗi da nawa ne.

Kashi na biyu, na haɗaka. Misali kun sayi injin markaɗe, ke kin ba da naira 40,000, shi ya ba da 60,000. To, kashi 4 cikin 10 naki ne. In an sayar, a fitar da rabonki tukuna, masu bashi su raba nasa. Haka gonar da kuka karɓa jingina tare.

Kashi na uku shi ne mai ciwo, wato bashin da sunanki yake kai. In ke kika ci bashi a akwatin nan kika ba shi, ke ƙungiya ta sani. In kin dangwala yatsa kin tsaya masa a banki ko wajen mai taki, saki bai goge yatsan nan ba. Ranar da ya kasa biya, kanki za a dawo. Kar ki ɓuya. Ki je ki tambayi ainihin abin da ya rage, a rubuta miki, ki roƙi a tsara miki biya kaɗan-kaɗan.

Kar kuma ki manta, ke ma kina iya zama mai bin sa. Sauran sadakin da bai cika ba bashi ne, kuɗin da kika ranta masa bashi ne. Idan alƙali ya tattara dukiyar wanda ya karye, yana raba ta ne gwargwadon abin da kowa yake bi. Wadda ta yi kunya ta yi shiru, sai a raba ba da ita ba.

Sai gargaɗi ɗaya. In ya zo da daɗin baki, wai ki ɓoye masa babur ko buhunan masara ki ce naki ne, ki ƙi. Haƙƙin mutane ne. Kuma ranar da asiri ya tonu, ko a kan kayanki na gaskiya ba mai yarda da maganarki.

Kar ki je gaban alƙali ke kaɗai. Ki tafi da waliyyinki, da ɗaya daga cikinmu wadda ta iya karatu. Kar ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba. Duk abin da aka sasanta a rubuta shi, shaidu su sa hannu, ki riƙe kwafinki.

Ku masu aure, kar ku ce wannan ba taku ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutu tsakanin mata da miji ba rashin yarda ba ne. Kafin zama mai zuwa, kowacce ta sa a rubuta mata abin da ta mallaka, da duk inda ta taɓa tsaya wa wani.

Allah ya rufa mana asiri. Masu makulli, bismillah, a buɗe akwati.