Fasfon Batir: Jawabi Ga 'Yan Gamawa Mazauna Ikko

Mai jawabin, wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Katagum, ya fara da cewa duk ɗan Gamawa ya san ba a cinikin saniya a kasuwa sai an san mai ita da inda ta fito. Ya ce irin wannan tsari Tarayyar Turai ta yi wa batirin motar lantarki. Bisa dokarta ta 2023, daga 18 ga Fabrairu 2027 ba mai sayar da shi a can sai da fasfo, watau alama a jikinsa da ake haskawa da waya, wadda ke ɗauke da bayanin wanda ya ƙera shi, da ma'adinan da ke ciki, da sauran ƙarfinsa, da yadda za a kwance shi in ya mutu.

Sa'an nan ya juyo kan masu sauraro. Ya ce motar da Turawa suka gaji da ita a Ikko ake sauke ta, kuma samarin Arewa 'yan gwangwan suna cikin masu fasa tsohon batir da hannu. Batirin dalma ya riga ya yi ɓarna, gama a 2025 an sami gubarsa a jinin mazauna Ogijo ta Jihar Ogun, inda ake narka shi. Na motar lantarki kuwa, in aka huda shi wuta yake kamawa, mai wuyar kashewa.

Ya roƙi shugabannin 'yan gwangwan su koya wa yaransu neman alamar kafin a ɗaga guduma, su kuma matsa wa gwamnati ta hana shigo da batirin da ba shi da ita.