Hadarin Gabas da Tekun Yamma: Abin da Ya Haɗa Daminar Tambuwal da Kebbe da Atlantika



An ce in yi magana a kan iskar teku da guguwarsa, a gaban jama'ar da mafi yawansu ba su taɓa ganin teku ba. Daga Tambuwal zuwa gaɓar Legas ya haura kilomita 600. Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? To, ku ba ni aron hankalinku.

Kowane manomi a nan ya san abu biyu da suke kamar sun saɓa wa juna. Da bazara ta kama, iska kan juya ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, da danshi da gumi. Amma in hadari zai haɗu, gabas ake kallo. Hadarin yamma ba kasafai ake kwashe shanya saboda shi ba. Me ya sa ruwa ke zuwa ta wata kusurwa, hadarin da zai zubar da shi ya zo ta wata?

Dalili shi ne sararin da ke kanmu hawa-hawa ne. A ƙasa, iska mai ɗauke da tururin Tekun Atlantika ce ke shigowa daga mashigin Gini, zafin Sahara na janyo ta. A samanta, wajen kilomita uku daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafi tsakanin hamada da dazukan kudu ke haifarwa. Ta ƙasa ita ke kawo danshi, ta sama ita ke tuƙa gizagizai.

Ku tuna yammacin wata rana a watan Yuli a Sanyinna ko Dogon Daji. Zafi ya yi zafi, ganye ko motsi ba ya yi. Can gabas ta yi baƙi ƙirin, sai ga jar ƙura ta taso kamar katanga, iska mai sanyi ta daki gari, kwanon rufi na ƙara, mata na rige-rigen kwashe gero daga tabarma, yara na kora awaki. Sannan ruwa ya kece. Wannan iska mai sanyi daga cikin hadarin take faɗowa: ɗigon ruwa ya ratsa busasshiyar iska a sama, wani sashensa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta rikito ƙasa. Da ta bazu, sai ta kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta ta cira ta sama, sabon girgije ya haɗu. Haka hadari ɗaya ke sabunta kansa yana tafiya ɗaruruwan kilomita, wanda ya jiƙa Gummi da la'asar ya iso Kebbe, ya wuce Jega. Binciken da aka yi a Nijar ya nuna irin waɗannan manyan hadurra ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yankin Sahel. Shi ya sa rasa uku ko huɗu daga cikinsu kan sauya labarin kaka gaba ɗaya.

Ita iskar sama ba miƙe take tafiya ba. Tana lanƙwasa, tana yin igiyoyi masu tsawon kilomita 2,000 ko fiye, da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur. Kowane kwana uku zuwa biyar ɗaya kan ratsa ta kanmu. In kun lura ruwan tsakiyar damina yakan yi kwana biyu ya ɗan huta ya dawo, sau da yawa sawun waɗannan igiyoyi kuke gani. Toby Carlson a 1969 da Robert Burpee a 1972 na cikin waɗanda suka fara bin diddiginsu, kuma a 1974 ƙasashe da dama suka tara jiragen ruwa da na sama a Dakar don auna su.

Igiyar da ta wuce mu kan kai gaɓar Senegal cikin kwana uku ko huɗu, ta faɗa teku. Kimanin 60 ke yin haka a shekara. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Amma in ruwan teku ya kai ɗumin digiri 26 da rabi, kuma iskar sama ba ta yayyaga gizagizan ba, sai abin ya fara juyawa yana shan tururi, ya zama mahaukaciyar guguwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga nan asalinsu yake. Guguwar Andrew da ta ragargaza kudancin Florida ranar 24 ga Agusta 1992 ta bar gaɓar Afirka kwana goma kafin nan. Irma ta bar ta ranar 27 ga Agusta 2017, ta isa tsibirin Barbuda ranar 6 ga Satumba da iska mai gudun kilomita 285 a awa. Abin da irin wannan iska ke yi wa teku ya wuce misali: ƙarƙashin guguwar Ivan a 2004, na'urori a mashigin Meziko sun auna igiyar ruwa mai tsayin mita 27. Afirka ma ba ta tsira ba, domin a ƙarshen Agustan 2015 guguwar Fred ta afka wa tsibiran Kef Bad, igiyoyinta suka yi ɓarna har gaɓar Senegal. Legas da Fatakwal dai Allah Ya raba su da wannan, saboda kusa da tsakiyar duniya juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska ta zama guguwa.

A 1990 William Gray na jami'ar jihar Kolorado ya nuna cewa shekarun da damina ta yi kyau a yammacin Sahel su ne manyan guguwowi suka fi dukan gabashin Amurka, shekarun fari kuma suka yi sauƙi. Wato shekarar da rumbu ya cika a Jabo, mai gida a Miyami ya ƙara ƙusa a tagarsa.

Yanzu mu juyo da maganar, domin ɓangaren da ya fi shafar tukunyarmu shi ne abin da teku ke yi mana. Dattawan da ke nan sun ga farin 1973 da na 1984. A 1975 wani babban masani, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyayi, irin wadda yawan kiwo ke jawowa, na iya hana ruwa sauka. Aka ɗauki wannan magana aka yi ta ɗora wa makiyayi da mai saran itace laifi shekara da shekaru. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna farin ya bi sauyin zafin tekuna: kudancin Atlantika ya fi arewacinsa ɗumi, sai layin ruwan sama ya maƙale a kudu bai hauro mana sosai ba. Alessandra Giannini ta ƙarfafa wannan a 2003. Binciken da aka yi daga baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun. Ban ce saran daji ba ɓarna ba ne. Ɓarna ce, muna ganin zaizayarta a gonakinmu. Amma a ganina an yi wa Bafulatanin daji rashin adalci da aka ce shanunsa ne suka kore damina.

Ko malkar Agusta da teku take haɗe. Daga watan Yuni iska kan ture ruwan saman mashigin Gini, mai sanyi ya taso daga ƙasa. Sanyin ya rage ruwan sama a gaɓa, ya ƙara tunkuɗo damina arewa. Lokacin da Legas ke samun ɗan hutun ruwa, masuntan Gana na cika kwale-kwale da kifi, mu kuma rana na wuyar gani. Da hunturu kuma mu ke aikawa: ƙurar kwarin Bodele na Chadi da ke toshe mana hanci tana tsallake teku har dajin Amazon, ta zame masa taki.

Damina ta farfaɗo bayan shekarun fari, amma da sabon hali. Christopher Taylor da abokansa sun wallafa a 2017 cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan ke nan. Mun ga ambaliyar Satumban 2010 da ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mun ga shinkafar maƙwabtanmu na jihar Kebbi ta nutse a 2020. Mai noman fadama a bakin Gulbin Zamfara ya fi kowa sanin abin da nake faɗa.

Malamanmu sun daɗe suna lissafin taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kuma lissafin na da amfani wajen sanin lokaci. Sai dai tauraro ba ya gaya maka ɗumin teku na bana. Wannan aikin hukumar NiMet ne da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, masu fitar da hasashe kafin shuka. Su ma hasashensu na ƙaruwa da awon da ake yi a ƙasa, alhali tashoshin awon yanayi a Afirka kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da hukumar yanayi ta duniya ta ce ya kamata.

Don haka roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe: a sa ma'aunin ruwan sama a kowace makarantar sakandare, a ba malamin labarin ƙasa littafi, ɗalibai su riƙa rubuta awo kowace safiya ana aika wa NiMet. Kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. Iyayenmu hakimai kuma, in hasashen shekara ya fito, a nemo shi da Hausa, a karanta a masallatan Juma'a da kasuwanni tun kafin a fitar da iri.