Littafin Baƙin Mai

Jawabi ga masu injin ban-ruwa da masunta na Rurum Sabon Gari



Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, mutane da yawa ke cin abinci da ruwan nan. Masunci yana kama ƙarfasa da tarwaɗa. Makiyayi yana shayar da shanunsa. Ruwan kuma yana gangarawa har Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da tumatir.

To, baƙin man da ake juyewa daga inji fa, ina yake zuwa? Sau da yawa a bakin ruwa ake zubar da shi. Mai ba ya nutsewa. Yana shimfiɗuwa ne a saman ruwa, ya hana iska shiga, ƙananan kifaye su mutu.

Manyan jiragen ruwa masu zuwa Apapa a Legas su ma suna da wannan matsala. Saboda haka ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a 1973, suka ƙara mata ƙarfi a 1978. Babban jirgi yana da na'ura mai raba mai da ruwa kafin a zubar da ruwan a teku. Amma na'ura ba ta ba da shaida. Shi ya sa dole jirgi ya ajiye littafin mai. Duk aikin da aka yi sai a rubuta ranar, da yawan man, da inda aka kai shi. Wanda ya yi aikin ya sa hannu, shugaban jirgi ma ya sa hannu a kowane shafi. Ana ajiye littafin shekara 3, masu bincike na iya neman sa a tashar jirgi. Rubuta ƙarya a ciki babban laifi ne.

Mai inji a Rurum ba ya bukatar na'ura. Littafin 'yan makaranta da biro da galan mai murfi sun isa. Ya rubuta ranar da ya canza mai, da lita nawa ya zuba, da nawa ya juye a galan. In inji yana yoyo, ya rubuta ranar gyara. In sabon mai ya shiga da yawa amma baƙin da ya fito kaɗan ne, to inji na zubarwa ko yana ƙonawa, sai a kira bakanike.

Ranar da aka ga mai a kan ruwa, rigima ta tashi tsakanin masunta da 'yan lambu, mai littafi zai buɗe shi gaban mai gari, ya nuna galan ɗinsa. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya kawo littafinsa ajin yaƙi da jahilci, malami zai ja masa layukan shafin farko.