Maraya Ɗan Kowa Ne: Darasi Daga Sang da Sirigu



Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja daga Kano, suna yada zango a Yendi kafin su isa kasuwar goro ta Salaga. A irin wannan tafiya, idan mutum ya rasu a hanya ya bar ƙaramin yaro, madugu ko mai masauki ne ke ɗaukarsa riƙo. Kalmar "ɗan riƙo" tsohuwa ce a bakinmu. Tambayata a yau ita ce: ina wannan riƙon ya tafi, kuma wa ya ɗauki nauyin da muka sauke?

Masifu sun yawaita marayu a nan ƙasar Gana. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa garin. Yaƙin 1994, wanda ake kira yaƙin zabuwa, ya raba dubban mutane da gidajensu a yankunan Yendi, Bimbilla da Salaga. Rikicin sarautar Bawku kuwa ya daɗe yana mayar da mata zawarawa. Sai dai akwai maraicin da ya fi wannan ciwo, wato na yaron da iyayensa ke raye amma suka guje shi. A wasu ƙauyukan arewacin Gana, jaririn da aka haifa da nakasa, ko wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, ana ce masa ɗan aljanu, ana ganin zamansa a gida zai jawo bala'i.

A nan ne 'yan'uwanmu Kirista suka shigo. A Sang, kan hanyar Tamale zuwa Yendi, Sista Stan Terese Mumuni ta buɗe gidan da ake kira Nazareth Home for God's Children a 2009, ƙarƙashin cocin Katolika na Yendi. Yaran da ke can akwai masu farfaɗiya, akwai kurame, akwai waɗanda ba sa iya tafiya. Ana ciyar da su, ana kai su asibiti, masu iya karatu ana koya musu. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro ɗaya mai farfaɗiya cikin dare ya san nauyin wannan aiki.

A Sirigu kuma, cikin jihar da Bawku take, akwai gidan jarirai na Mother of Mercy. Tsarinsa ya fi jan hankalina: jaririn da ya rasa uwa yakan zo tare da wata 'yar'uwa daga danginsa, ta zauna tana renonsa a gidan, idan ya kai kimanin shekara 3 sai a mayar da shi cikin danginsa. Ka ga ba a yanke zumunci ba. Wannan ya yi daidai da manufar Hukumar Jin Daɗin Jama'a ta Gana, wadda ke son yaro ya tashi cikin iyali, gidan marayu ya zama mafaka ta ƙarshe. Dokar Yara ta 1998 ita ce ginshiƙin wannan kariya, shirin LEAP da aka fara a 2008 kuma yana tallafa wa masu riƙon marayu da ɗan kuɗi.

Na san abin da ake faɗa a zango: ana tsoron kada yaro ya bar addinin iyayensa. Tsoron ba wasa ba ne, kuma haƙƙi ne a kan masu gidajen su kiyaye asalin kowane yaro da sunan danginsa. Amma wanda ya ƙi ɗaukar jariri ranar da aka yar da shi, da wane baki zai tuhumi wanda ya goya shi? Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki duka sun ɗora kula da maraya a wuyan mai imani.

Roƙona uku ne. Limamai da fastoci su fito fili su ce nakasa lalura ce da ake kai wa asibiti. Kowane zango ya san marayunsa da sunayensu, ya ware musu kaso daga zakka da sadaka. Masu hali kuma su kai buhun masara da sabulu Sang da Sirigu, su ga yaran da idonsu, domin zumunci a ƙafa yake.

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu.