Kayan wasan yara da ya zama haja



Yau za mu leƙa Turai da Amurka, inda manya ke zuba jari a kayan wasan yara. Sunansa Lego, 'yan ƙananan tubalan roba ne da ake harhaɗawa a gina gida ko jirgi. Kamfanin yana ƙasar Danmak, wani kafinta ne ya kafa shi a 1932.

Ga yadda cinikin yake. Kamfani kan fitar da samfuri, bayan 'yan shekaru ya daina yin sa. Sai mutum ya saya ya adana, ko kwalin ba zai buɗe ba, har kayan ya yi wuya. Kamar dai mai sayen gero da kaka ya jira damina. Akwai samfurin wani jirgin sararin samaniya da aka sayar kusan dala 500 a 2007, daga baya ya kai dubban daloli.

To amma fa, a 2017 kamfanin ya fito da sabonsa, wanda ya fi shi yawan tubala. Farashin tsohon ya sauko.

Kun ga inda gizo ke saƙar. Saniya ko kasuwa ta faɗi tana haihuwa, tana ba da nono. Kwali kuwa sai dai ya sha ƙura. Saboda haka kafin ka ɓoye haja, ɗan'uwa, tambayi kanka: wa ke da ikon cika kasuwa da irinta gobe? Kuma kada ka taɓa kuɗin cefane.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba da sa'a.